Rigar da Na-Iya Ya Saƙa wa Jikansa

A layin da shagon aski yake kallon shagon tela, akwai wani tsohon direban babbar mota da kowa ke kira Na-Iya. Ba a banza sunan ya bi shi ba. Ko zancen me aka ɗauko, daga gyaran famfo har cire haƙori, kafin mai magana ya kai ƙarshe ya ce ai shi ya iya. Shi ne ya gyara wa maƙwabciyarsu fanka ta koma juyi da baya, kuma har gobe yana nan a kan cewa ɗakin ne aka gina a karkace.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya, bakinsa da gashin da ke samansa. Gashin baki ne murɗaɗɗe, kowane gefe ya tashi ya lanƙwasa kamar kan keke, kuma tun yana saurayi aska ba ta taɓa shi ba. Mai Aski, abokinsa na ƙuruciya, ya daɗe yana kallon gashin nan yana haɗiye yawu.

Matarsa kuwa, wadda yara da manya har shi kansa suke kira Inna, gwanar saƙa ce. Da babbar ’yarsu ta samu cikin fari, Inna ta tanadi kwando guda na zaren ulu shuɗi mai kauri, za ta saƙa bargon da za a naɗo jariri a ciki daga asibiti. Tana shirin farawa santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta faɗi a kan hannun dama, aka ɗaure hannun tun daga yatsu har gwiwa. Ba zafin karayar ya sa ta hawaye ba. Kwandon zaren take kallo.

Na-Iya ya kai labarin shagon aski, amma sai ya kai shi da ƙari. Ya ce shi bai ga abin kuka ba, saƙa ai ɗaure-ɗauren zare ne kawai, kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure tamfol a kan kaya ba zare ne zai gagare shi ba. Ya ce bargo ma aikin malalata ne, shi riga zai saƙa, mai hannu da wuya, kuma ba zai nemi taimakon kowa ba tunda ga tsarin saƙa nan kyauta birjik a waya.

Tela ya leƙo daga shagonsa da igiyar awo a wuya, ya tambaye shi ko ya taɓa sa zare a allura. Na-Iya ya ce wannan aikin yara ne, shi ya sa bai taɓa yi ba. Mai Aski kuwa sai wasa askarsa yake yi a hankali yana murmushi, har abin ya ishi Na-Iya.

“Kai kuma me kake wa murmushi?”

“Ba komai. Gashin bakinka nake tayawa murna, zai ga jika.”

“To ku shaida,” in ji Na-Iya, ya murɗa gefen dama. “In jikana bai dawo gida daga asibiti cikin rigar da na saƙa da hannuna ba, ga shi nan, ka aske shi tas.”

Mai Aski ya ajiye aska, ya miƙo hannu suka tafa. Tela ya ce shi ne alƙali. Kafin Na-Iya ya isa gida, labari ya riga shi.

Ya zauna a falo, ya maƙala tabarau a kan hanci, ya shiga lalube a waya. Tsarin saƙa kuwa ya same su har sun yi masa yawa. Ga na hula, ga na safa, har da na rigar kyanwa, wanda ya daɗe yana kallo yana tunanin inda duniya ta dosa. Inna tana kujera da hannu a rataye, ta ce masa abu biyu kawai za ta faɗa. Na farko, ba rigar da ta burge shi zai nema ba, tsarin da aka yi don irin zaren da ke kwandon zai nema, domin kowane tsari da kaurin zarensa. Na biyu, kafin ya fara, ya saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu ya auna, ya ga ko girman zai fito daidai.

Na-Iya ya ce shi bai taɓa yin gwajin tafiya ba, tafiyar kawai yake yi. Ya zaɓi wata riga saboda jaririn da ke hoton yana da kumatu irin na gidansu. A saman tsarin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa da siririn zare ake yinta. Ya karanta, ya dubi zaren kwandon mai kaurin igiyar shanya, ya ce wannan ma ya fi, rigar za ta fi ƙarko.

“Maigida, zaren bargo ne fa.”

“Zare ai bai san me aka saye shi ya zama ba, Inna. Abin da na ce masa shi zai zama. Kuma daga yau na roƙe ki, kada ki sa mini baki, kar a ce ke kika yi.”

Inna ta ce ta ji, ta gyara zama kamar mai jiran a fara wasa.

Tsinkayen saƙarta suka ƙi shi tun daga farko. Sirara ne, zaren kuma ƙato, yatsunsa kuwa sun saba da sitiyari. Ɗaya ya soke shi a cinya, ɗaya ya lanƙwashe. Ya yanke hukunci cewa kayan aikin ne ba na maza ba. Ya ɗauko sandar goge ɗaki, ya raba ta biyu, ya fere bakin kowace da wuƙa, ya goge da takardar yashi. Da ya fara aiki da su, sai ka ji ƙwas, ƙwas, har waje, kamar ana kafa rumfa.

Matar da ke koyar da saƙa a bidiyon da ya samo hannunta da sauri, ga ta tana fuskantarsa, damanta ya zama hagunsa. Ya juya wayar ƙasa ta koma sama. Ya sa madubi. A ƙarshe ya juya wa wayar baya yana leƙenta ta kafaɗa, wuyansa ya ƙage, sai da Inna ta shafa masa man zafi da hannun hagu. Amma a faɗi gaskiya, saƙa ta fara fitowa. Adadin idanun saƙar da tsarin ya ce a jera a kan tsinke shi ya jera, bai rage ko ɗaya ba, sai dai kowane idon saƙarsa ƙwai zai iya wucewa ta ciki.

Rigar ta fara girma. Ta rufe masa cinya, ta sauka gwiwa, ta kwanta a ƙasa ta nufi ƙofa. Maƙwabciya, mai fankar nan, ta shigo duba hannun Inna, ta yi tuntuɓe da gefen rigar, ta tambaya ko ragar kamun kifi ake haɗawa. Na-Iya ya ce mata ulu yana shiga in an wanke. Ta ce to sai dai a kai shi kogi a bar shi can.

Tela ya zo da igiyar awonsa ba a gayyace shi ba. Ya auna faɗin ƙirjin rigar, ya auna ƙirjin Na-Iya, ya sake auna rigar, sannan ya tambaya cikin ladabi ko likita ya ce jaririn da gemu zai fito.

“Yaran yanzu da girma suke zuwa,” in ji Na-Iya. “Kai ka saba yi wa mutane ɗinki yana matse su, shi ya sa.”

“Wannan ai har uwar da uban za su shiga.”

“Ka ga an huta da sayen uku.”

Ita kanta mai cikin ta zo ganin uwarta, ta tsaya a bakin falo ta dubi abin da ke shimfiɗe, ta dafa cikinta. Ta ce, “Baba, don Allah ka ce ba da wannan ake auna abin da zan haifa ba.” Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai akwai wuya, in ya tsuke wuyan komai zai hau daidai.

Yana isa wuyan, zaren kwandon ya ƙare ƙaf, saura ’yar jela kamar kamu biyu. Ga hannuwa ba a fara ba. Ya koma waya yana neman tsarin da zai dace da zaren da ya rage masa, wayar ta nuna masa yadda ake saƙa abin rataye makulli. Ya ajiye ta, ya ɗaga kai yana tunani, sai idonsa ya faɗa kan jar rigar kujerar da Inna ta saƙa tun suna amarci. Inna ta shiga wanka, ta fito ta tarar da kujera tsirara, soso yana leƙowa ta gefe. Ta buɗe baki, ta tuna an ce kada ta sa baki, ta rufe.

Sandunan farko suna maƙale a jikin rigar, saboda haka yana buƙatar wasu. Ya zare sandar labulen taga, ya raba ta biyu. Labule ya zube, falon ya zama fili, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya leƙa ya ga Na-Iya yana kokawa da jan zare, harshe a waje. Mai kanti ya fara kawo kujerarsa kusa da tagar in ciniki ya yi sanyi.

Hannun riga guda ya fito, ja wur, tsawonsa kamar ƙafar wando. Wajen wuyan hannun ya ja zaren da ƙarfin direba har ramin ya toshe, ya zama kamar gindin buhu. Ya ce hakan ya fi, iska ba za ta shiga ba. Ɗaya bakin kuma ya bar shi a kan sanda ya tafi shagon aski ba da labari. Inna ta kasa jurewa. Ta kira maƙwabciya, ita tana faɗa, maƙwabciya tana yi, suka rufe bakin hannun yadda ake rufewa don kada ya warware. Na-Iya ya dawo ya gan shi a gyare, ya juya shi gaba da baya, ya ce ashe hannunsa ya kai matsayin da yake aiki ba tare da ya sani ba.

Saura rufe wuyan uwar rigar. Ya matsa tsarin zuwa ƙasa don ya ga yadda ake yi, sai wani akwati ya fito a fuskar wayar yana masa godiya, yana cewa kashin kyauta ya ƙare a nan, ragowar sai an biya. Na-Iya ya dubi akwatin kamar ɗan sandan da ya tare shi a hanya. Shi da ya faɗa a gaban jama’a cewa kyauta zai yi komai? Ya rantse ba zai biya ba. Inna kuwa, wadda da zai iya tambaya da dabara, ta riga ta koma gidan ’yarta saboda haihuwa ta matso.

Yana cikin neman wani tsarin na kyauta da zai ara masa wuya, surukinsa ya bugo waya. An sauka lafiya, namiji ne, kuma da rana za a sallame su.

Na-Iya ya miƙe tsaye. Hannu ɗaya ne a ƙasa, amma ya ce ai jariri a gefe guda yake kwanciya. Ya maƙala jan hannun a jikin shuɗiyar rigar da fil uku. Wuyan kuwa, ya zare sandunan kawai, idanun saƙa suka tsaya a jere baki buɗe, ya ɗauki jelar zaren ya yi mata ɗaurin da ya fi amincewa da shi a duniya, ɗaurin tamfol. Ɗauri ne mai kyau ƙwarai. Direbobi suna son sa ne saboda komai ƙarfinsa, ja ɗaya ake yi wa jelar ya kwance.

Asibitin yana ƙarshen layin, bayan an sha kwana. Zai iya sa rigar a jaka, amma wa zai gani? Ya yafa ta a baya, ta sauka har ƙwauri, ya zagayo da jan hannun ta kafaɗa ya riƙe a ƙirji. Ya shafa wa gashin baki mai, ya murɗe shi, ya fito.

Sai da ya tsaya a shagon aski. Ya juya gaba, ya juya baya, ya ce wa Mai Aski ya mayar da askarsa kube, ya sami wani aikin. Ya ɗan zauna a kan benci don a ga yadda rigar take kwanciya, sannan ya tashi ya kama hanya. Jelar zaren kuwa ta sami wani ƙusa a gefen bencin ta riƙe.

Mai Aski ne ya fara gani. Ya dubi zaren, ya dubi bayan abokinsa, ya dubi askarsa. An ce ya yi kokawa da zuciyarsa, amma waɗanda suke wurin sun ce kokawar ba ta daɗe ba. Ya dai ɗora ƙafa a kan bencin don kada ya motsa.

Na-Iya yana tafiya, riga tana warwarewa layi-layi a bayansa. Tela ya fito da gudu yana ɗaga hannu yana kiransa. Na-Iya ya ɗaga masa hannu shi ma, ya ce ya gode, ya gode. Mai kanti ya nuna masa baya da yatsa, Na-Iya ya ce masa ai bayan ma bai kai gaban kyau ba. Matan da ke shanya a saman bene suka riƙe ciki suna dariya, ya ɗauka murna ce, ya ƙara ɗaga kafaɗa. Ya ji kayan suna raguwa a bayansa, iska tana shiga, ya ce a ransa haka farin ciki yake, yana sa mutum ya ji sakayau.

A bayansa kuwa layi ya rikice. Zaren ya tare wani mai keke ɗauke da tiren ƙwai, ya sauka ba shiri, shi da ƙwan. Ya naɗe ƙafar wata kaza ta yi ta tsalle da ƙafa ɗaya. Da Na-Iya ya sha kwana, zaren ya zagaye sandar fitilar titi ya miƙe tsam kamar an shata iyaka, masu wucewa suna ɗaga ƙafa suna tsallakewa, wasu kuma suka ce bari su bi shi su ga inda ya nufa. Haka ya isa ƙofar asibiti da jerin mutane a bayansa, Mai Aski a gaba da ƙaramar jakar aikinsa a hammata.

Ya tarar da su a baranda ana shirin tafiya. Mai jego tana zaune, suruki yana riƙe da kaya, wata nas tana jijjiga jaririn da ke tsala kuka cikin ɗan zani, domin an yi yayyafi, gari ya yi sanyi. Inna tana gefe, ta dubi mijinta tun daga sama har ƙasa.

Na-Iya ya gyara murya, ya ce ga alkawari ya cika. Ya fizgo abin da ke kafaɗarsa ya ɗaga sama da hannu biyu.

Jan hannun riga ne guda ɗaya, fil uku suna lilo a bakinsa. Ya shafa bayansa, ya ji rigar jikinsa ce kawai. Ya waiwaya. Ƙarshen shuɗin zaren yana kwance a kan matakala, daga nan ya miƙe ya fita ƙofa, ya bi titi, ya sha kwana.

“Maigida,” in ji Inna, “ina sauran?”

“Yana tafe,” in ji shi.

Nas ɗin ba ta da lokacin dariya. Ta tambaya ina bargon da za a naɗe yaro, kowa ya dubi titi. Ta karɓi jan hannun, ta cire fil, ta leƙa ciki, ta zura hannu ta ji gindin a toshe. Sai ta ɗauki jaririn da zaninsa ta zura shi ciki ta ƙafa. Ya shige cif, har wuya, kai kawai a waje. Ya yi hamma, ya yi shiru, ya kama barci.

Na-Iya ya dubi jama’a, ƙirjinsa ya dawo inda yake. Ya ce dama haka ya tsara, shuɗin na rakiya ne kawai.

A shagon aski aka yi shari’ar, bayan an raka mai jego gida. Mai Aski ya ce riga aka ce, kuma riga tana kan titi, saboda haka gashi nasa ne duka. Na-Iya ya ce yaro ya dawo gida cikin saƙar hannunsa ko bai dawo ba? Aka yi ta ja, mai ƙwai ma ya sa baki yana neman a ba shi askar ya yi da kansa. Tela ya buga almakashi a kan benci, ya ce ya saurari kowa. Yaro ya dawo cikin saƙar Na-Iya, wannan gaskiya ne. Riga ba ta je asibiti ba, wannan ma gaskiya ne. Tunda hannu ɗaya ya isa, gefe ɗaya zai tsira.

Na-Iya ya nemi a ɗaukaka ƙara, aka ce alƙalin sama ma Tela ne. Ya zauna a kujera, ya rufe ido. Mai Aski ya shafa kumfa a gefen hagu kamar mai shafa wa amarya turare, ya yi aikinsa a hankali, yana ɗan waƙa.

Mutanen layi suka naɗe zaren daga ƙofar asibiti har ƙusan benci, maƙwabciya ta wanke shi ta shanya. Ba abin da ya ɓata sai ɗan wurin da kaza ta tattaka. Ranar da aka kwance wa Inna hannu, ta zaunar da mijinta a kan kujerar nan mai soso a waje, ta sa ya miƙe hannu biyu, ta rataya masa zaren tana naɗewa. Ta ce bargonta za ta saƙa, ta kuma samo tsarinsa kyauta, wanda aka yi don zare mai kauri, daga farkonsa har ƙarshe. Na-Iya ya ce dama shi ya so ya nuna mata wannan ɗin. Ya shaida wa masu leƙe ta taga cewa riƙon zare shi ne ginshiƙin saƙa, kuma ba kowa ya iya ba.

Mai jego ta kawo jaririn cikin jan hannun rigar nan, ta ce ya gai da kakansa. Na-Iya ya sunkuyo, hannuwa a miƙe cike da zare, yana yi masa wasa da baki. Yaron ya zaro ɗan hannunsa, ya laluba, ya damƙe gefen gashin da ya rage, ya ja.

Na-Iya ya ce a taimaka a ɓanɓare shi. Inna ba ta daina naɗin zarenta ba.

“Bar shi, Maigida,” in ji ta. “Ɗayan gefen ya zo karɓa.”